An sace min katafila aka tuƙa ta a kan titi: duk ofisoshin da na bi kafin ta dawo hannuna

Tunda abun nan ya faru masu injinan haya irina suke ta tambayata wai ta ina ake farawa, kowa da nashi tambayar, shi yasa nace bari in zauna in rubuta shi sau ɗaya yadda ya gudana, wanda Allah ya jarraba da irinsa ya san ƙofar da zai fara ƙwanƙwasawa. Tawa katafilar irin mai taya ce, bokiti a gaba, hannun haƙa a baya, nauyinta ya kusa tan 8, kuma in ta hau kwalta iyakar gudunta wajen kilomita 40 ne a awa. Wannan gudun da kake rainawa shi ne duk matsalar. Eskabeta mai sarƙa da ƙyar take yin kilomita 5 a awa, ga ta tana farfasa kwalta tana barin sawu, dole ɓarawo ya zo da lobed, wato tirelar ɗaukar manyan injina, har bakin wurin aiki ya ɗora ta, ita kuwa mai taya hawa kawai zai yi ya tayar ya kama hanya kamar wanda aka aika, cikin awa 3 ya yi maka nisan kilomita 100 da ɗoriya.

Na bada ita haya ne ga wani ɗan kwangila da yake haƙa magudanar ruwa, ana kwana da ita a wurin aikin, akwai maigadi. Ƙarshen mako aka ɗauke ta, ba a gane ba sai da ofireta na, wato mai tuƙa min ita, ya je da safe ranar komawa aiki ya tarar da wurin wayam. Da ya kira ni abun da na fara yi, kuma shi nake ba kowa shawara, shi ne tabbatar da cewa sata ce ba wani ne ya matsar da ita ba. Na kira ɗan kwangilar ko ya tura ta wani wurin aikinsa, yace a'a, na kira makanikenmu, na kira wanda yake mana jigila da lobed. In kana da bashin banki ko na kamfanin da ya sayar maka a kan injin to su ma ka kira su, saboda wani lokacin su ne suka zo suka ɗauke abinsu, kuma 'yan sanda sai sun yi maka wannan tambayar. Da na isa wurin na samu maigadin a zaune jikinsa na rawa, dattijo ne, nace Baba kwantar da hankalinka ka faɗa min abun da ka gani kawai. Yace wallahi Alhaji ai ya gan su, mutum biyu ne da daddare, ɗaya sanye da riga mai ƙyalli irin ta ma'aikata da hular kwano, suka gaishe shi sukace oga ne ya turo a kai ta wani aikin gaggawa, mutumin ya hau ya sa makulli ta tashi, har fitilar nan mai juyawa ta saman rufi ya kunna, shi da ya ga an tayar da makulli ba a fasa komai ba sai yace a sauka lafiya. Ɗan kwangilar ya so a kama tsohon, ni na hana, don abun da mutane da yawa basu sani ba shi ne yawancin injinan nan, musamman tsofaffi, makullinsu iri ɗaya ne, makullin wata katafila 'yar kamfani ɗaya da taka zai tayar da taka, kuma ana sayar da shi a fili. Da gangan aka yi su haka don sauƙin aiki inda direbobi suke da yawa. Kenan ganin mutum da makulli ba ya nuna komai.

Daga nan sai caji ofis. Wanda za ka je shi ne wanda wurin da aka yi satar yake ƙarƙashinsa, ba na kusa da gidanka ko ofishinka ba, in ka je wani za su saurare ka tsaf sannan su tura ka can, ka yi asarar awannin da suka fi komai tsada. A teburin karɓar ƙara wanda yake rubutu ya tambaye ni lambar mota, nace ranka ya daɗe bata da lamba irin ta mota, ba a yi mata rajistar hanya ba tunda a lobed ake kai ta wurin aiki. Ya ajiye biro ya kalle ni yace to me zai rubuta a gidan lamba? Nan na fito da takardar saye na nuna masa lambar jikinta. Injinan haƙa da aka ƙera daga farkon shekarun 2000 zuwa yau yawancinsu suna da lamba mai harafi da adadi 17, akwai ma ƙa'idar duniya a kanta, ISO 10261, haruffa ukun farko na kamfanin da ya ƙera ne, na ƙarshen su ne na injinka shi kaɗai. Bayan ita akwai lambar inji daban, wani lokacin giyabos da aksul ma kowanne da tasa. Ka tsaya a kan ɗan sandan ya rubuta lambar, ya karanta maka, ka duba da idonka, saboda 8 da B, 5 da S, 0 da D duk rikicewa suke a rubutun hannu, kuma duk takardar da za ta biyo baya daga wannan ta farkon za a kwafa. Na rubuta bayani, aka ɗauki na maigadi da na ofireta da na ɗan kwangila, kowa daban, aka haɗa mu da jami'in da zai yi bincike. Zaman jira ya cinye yinin kusan gaba ɗaya, ina zaune a benci ina lissafin kilomita nawa ta ƙara yi, wallahi wannan zaman ya fi min ciwo a kan jin labarin satar. Kafin ka bar wurin ka nemi abu uku: lambar fayil ɗin, sunan mai binciken da lambar wayarsa, da kuma kwafin rahoto mai hatimi. Rahoton ba a ranar ake bayarwa ba, sai ka rubuta takardar nema ka biya abun da aka tsara ka dawo, amma ka nema tun ranar farko don inshora da dilan kamfanin injin da kotu duk sai sun tambaye shi. Na kuma roƙi mai binciken ya aika sanarwa ga ofisoshin da suke kan manyan hanyoyi da na bakin iyaka, da hoton injin, don shi ɗan sandan da yake shinge ba zai sunkuya yana karanta lamba 17 a jikin kowace katafila ba, amma zai iya tuna mai bokiti mai tabon walda a gefen hagu.

Washegari na nufi wurin dilan kamfanin. Manyan kamfanoni duk suna da na'urar bibiya da suke sawa tun daga masana'anta, Caterpillar suna da Product Link, Komatsu suna da Komtrax, JCB suna da LiveLink, Volvo suna da CareTrack, tana aika inda injin yake da awannin da ya yi aiki da lokacin da aka tayar da shi. Tawa tana da irin wannan. Sai dai a hannu na saye ta, asusun na'urar yana nan da sunan wanda ya fara mallakarta, matar da take teburin tace Alhaji ka yi haƙuri, ba za mu iya buɗe maka bayanan injin da a wurinmu na wani ne ba, ai ɓarawo ma zai iya zuwa yace tasa ce. Raina ya ɓaci a lokacin amma gaskiyarta ne. Suka nemi rasit ɗin saye, yarjejeniyar ciniki mai sa hannun mu biyu, katin shaidata, wasiƙar 'yan sanda, da kuma wasiƙa daga mai ita na farko cewa ya sayar min. Allah ya taimake ni mutumin kirki ne, na kira shi ya aiko da ita a ranar. Da aka buɗe sai ga tafiyar a allo tiryan-tiryan: ƙarfe nawa aka tayar, ta fita ta hau babban titi, ta yi tafiya sama da awa biyu bata tsaya ba sai sau ɗaya, sannan a wani fili da yake gefen hanya alamar ta ɗauke. Makanikensu yace min a nan ne ko dai suka cire kan batir ko suka tsinke wayar na'urar, kuma kusan ko da yaushe inda alama ta ɗauke nan ne aka ɗora ta a lobed, wato titi sun bi ne kawai don su yi nisa da inda aka san ta. Na sa aka buga min taswirar da lokutan a takarda mai tambarin kamfani da sa hannun manaja, na kai wa mai binciken kwafi, na riƙe na asali. Na kuma roƙe su su sa alamar sata a kan lambar a kwamfutarsu, ta yadda duk wanda ya je sayen kayan gyara ko neman sabis da wannan lambar a kowane reshe za a gani.

Bin sawun hanyar ni da mai binciken muka yi, man mota da duk ɗawainiyar tafiya a kaina, wannan kar ma ka tsaya musu, in kana jiran a samo motar ofis to ka yi ta jira. Gidajen mai muka fi bi saboda kyamarorinsu suna kallon titi, kuma ka hanzarta don na'urar ajiyar tana goge tsohon hoto ta ɗora sabo, wasu sati ɗaya wasu biyu, wani ma bai kai haka ba. Ka tafi da filash ɗinka, kuma ka tafi da ɗan sanda da wasiƙa, manajoji basa nuna wa mutum haka kawai. A gidan mai ɗaya muka ganta ƙarara, ta shigo an zuba mata dizal, direban ya sauko yana miƙa yana hira da mai zuba man, ya biya ya hau ya tafi. Abun da ya fi tsaya min a rai kenan a duk lamarin, babu wanda ya ga wani abun mamaki. Masu shaguna sun ganta, direbobin tifa sun wuce ta, har wani shingen bincike ta bi aka ɗaga mata hannu. Mota ƙarama in ta wuce da gudu tsakar dare kowa sai ya ɗaga kai, amma abu mai tan 8 mai ruwan ɗorawa yana tafe a hankali da fitila tana juyawa kowa ɗauka yake aikin gwamnati ne ko na kamfani, girmanta shi ne ya ɓoye ta. A hanyar ne kuma muka gano ɓarnar da ɓarawon ya yi. Wanda ya san aiki kafin ya hau titi yana kulle hannun baya da fil ɗinsa don kar ya riƙa lilo, ya ɗage ƙafafun tsayuwa har ƙarshe, ya haɗa fedar birki biyun nan wuri ɗaya ya kulle, don birkin hagu da na dama a rabe suke, in ka taka ɗaya kana gudu juyawa za ta yi da kai. Shi wannan gaggawa bata bar shi ya kulle hannun ba, a wata kwana ya wurga ya daki wata motar haya da aka ajiye a gefen titi ya yage mata ƙofa, gaba kaɗan ya kwashe rumfar wani shago. Allah ya kiyaye dare ne babu kowa a ciki. Na ɗauki hoton komai, mai binciken ya rubuta sunayensu a matsayin shaidu.

Inshora kuwa tun ranar farko na kira su a waya na kuma bi da saƙon imel, saboda a takardar yarjejeniya akwai wa'adin da dole ka sanar da su a cikinsa, in ya wuce sun samu hujjar ƙin biya, kuma magana ta waya bata da shaida. Suka aiko da fom, suka nemi rahoton 'yan sanda, takardun saye, takardun shigo da ita na kwastam, yarjejeniyar haya tsakanina da ɗan kwangila, littafin sabis, da makullan duka, na aiki da na ajiya. Sannan suka turo mai ƙiyasta asara, wani mutum mai fara'a da tambayoyi masu kaifi, ya je wurin ya auna shinge, ya zauna da maigadi, ya tambayi ofireta yaushe aka ɗauke shi aiki da ko mun taɓa samun saɓani a kan albashi, ya tambaye ni ko ina da bashi. Kar ka ji haushi, aikinsa ne ya tabbatar ba kai ka ɓoye ta ba. Abubuwan da ya fi dubawa a yarjejeniyar su ne ko ta rufe lokacin da injin yake hannun mai haya, ko akwai sharaɗin maigadi ko na'urar bibiya, da kuma kason da ni zan ɗauka da kaina kafin su biya sauran. Ya gaya min a fili cewa ba sa biyan kuɗin inji gaba ɗaya sai an jira wani lokaci ko za a gano ta, kuma in sun biya to ta zama tasu ko da an ganta daga baya, sannan abun da za su biya darajarta ce ta yau ba kuɗin sabuwa ba. Kuɗin hayar da nake asara kullum kuwa babu shi a ciki sam, sai wanda ya sayi wannan kariyar daban.

Sai jira. Makonni aka yi shiru, ina kiran mai binciken yana cewa ana kan aiki. Ni kuma na raba hotonta da lambobi huɗun ƙarshe ga makanikai, masu walda, masu sayar da kayan gyara, direbobin lobed, da masu haƙar yashi da masu fasa dutse, don inji irin wannan ba a ɓoye shi a gareji, dole ya fito ya yi aiki, in ya yi aiki dole ya lalace a nemi makanike. Ban bada lambar gaba ɗaya ba, kuma akwai wasu alamomi biyu na jikinta da ban faɗa wa kowa ba sai mai binciken. Amfanin haka ya fito da 'yan damfara suka fara kira, wannan yace ya ganta a turo masa kuɗin mota, wancan yace yana tare da waɗanda suka ɗauka a sasanta, sai in ce to karanta min lambar da take jiki, nan take ake kashe waya. Wanda ya kawo labarin gaskiya wani makanike ne da aka kira gyaran famfon hayidurolik a wani wurin haƙar ƙasa mai nisa, ya lura an yi mata sabon fenti har kan tayoyi da roba, kuma inda farantin lamba yake sai ramukan ƙusa huɗu. Bai ce musu komai ba, ya gama aikinsa ya fito ya kira wani, wanin ya kira ni. Zuciyata tace in ɗebi yara mu tafi a daren, amma na kira mai binciken, saboda in ka je da kanka ko dai a ji maka ciwo ko kuma kai a kama ka da laifin shiga wurin mutane. Wurin a ƙarƙashin wani ofishi yake daban, sai da aka rubuta musu takarda, muka fara zuwa can aka shigar da zuwanmu a littafi, suka haɗa mu da mutanensu.

Da na ganta na gane ta tun daga nesa, amma ganewarka ba hujja ba ce. Farantin sun cire, sai dai lambar tana nan an buga ta a jikin ƙarfen shasi, sun shafe da fenti mai kauri, aka kankare ta fito. Lambar inji ma ta yi daidai da takarduna. Na zo da makaniken dila da kwamfutarsa, ya jona ya karanto awannin aiki da bayanan da suke cikin ƙwaƙwalwar injin, aka haɗa da na littafin sabis ɗina, sannan na nuna alamomin nan biyu a gaban kowa bayan mai binciken ya fara karanta su daga fayil. Wanda muka same ta a hannunsa ya fito da rasit yana rantsuwa saya ya yi, kuma ni har yau ina ganin da gaske saya ya yi, amma kuɗin da ya faɗa bai kai rabin darajarta ba, babu takardar kwastam, babu faranti, wanda ya sayar masa kuma lambar waya kawai ya sani. Ya dube ni yace ɗan'uwa ni ma fa an cuce ni, nace na sani, amma wannan tsakaninka ne da wanda ya karɓi kuɗinka.

Na ɗauka a ranar zan tafi da ita gida, ashe yanzu aka fara. Ta zama kayan shaida, dole a kai ta harabar 'yan sanda, kuma kuɗin lobed ni zan biya, ya kai abun da take samo min a sati guda na haya, daga baya in sake biyan wani in fito da ita. Kafin a sauke ta na sa aka rubuta duk abun da yake jikinta, batir, sitata, altaneta, bokitai, yanayin tayoyi, yawan mai, aka sa hannu na ɗauki hoto, sannan da izininsu na cire batir da fis na tafi dasu, don wuri ne da jama'a suke shiga suna fita kuma tana iya daɗewa a rana da ruwa. Tunda an kama mutum kuma akwai mai cewa shi ma tasa ce, shugaban ofishin yace ba zai iya sakinta da kansa ba sai da umarnin kotu. Nan na ɗauki lauya, kuma kuɗinsa bai tafi a banza ba. Ya shigar da buƙatar a bani ita a kan alƙawari kafin a gama shari'a, muka haɗa da takardar rantsuwa, rasit, takardun kwastam, wasiƙar dila mai tabbatar da lamba, da hotuna. A wurin magatakarda ka biya kuɗin shigarwa ka karɓi rasit, ka kuma bi da kanka ka tabbatar an kai wa mai gabatar da ƙara da ɗaya ɓangaren kwafinsu, don in ba a kai ba ranar zama ɗagewa za a yi. An ɗage mana ma, sau ɗaya fayil bai iso ba, wani karon lauyan wancan ne bai zo ba, kowace ɗagewa ina kallon damina tana wucewa da ayyukan da na riga na yi alƙawari. Da alƙali ya saurara bai ɗauki lokaci ba, ya duba lambar da take wasiƙar dila da wadda take rahoton farko na 'yan sanda ya ga ɗaya ce harafi da harafi, ya bada umarni da sharuɗɗa: kar in sayar, kar in canza mata fenti ko kamanni, in kawo ta duk ranar da kotu ta nema, in kuma kawo mutum ɗaya da zai tsaya min. Umarnin sai an buga an sa hannu an buga hatimi, ka karɓi kwafin da aka tabbatar, ka kai wa mai ajiyar kayan shaida, shi ma da nashi littafin da za ka sa hannu.

Ana kukan targaɗe sai ga karaya, mai motar hayar nan da mai shago suka aiko da takardar neman diyya da sunana, tunda ni ne mai injin kuma ni ake iya gani. Na tausaya musu sosai, mai motar da ita yake ci da iyali. Lauya yace kar in yi alƙawarin komai da baki, kar kuma in rubuta wani abu mai kama da amsa laifi, in miƙa takardun ga inshora. Abun da ya tsaya min shi ne rahoton sata da taswirar dila mai nuna ƙarfe nawa ta bar wurin aiki, da bayanin maigadi cewa ba ofireta na ne ya tuƙa ba. Dokar wannan ta bambanta daga ƙasa zuwa ƙasa, shi yasa lauyan wurinku ne zai gaya maka matsayinka. Inshora a ƙarshe gyara suka biya, ba kuɗin inji ba, bayan sun cire kasona: sun sayi sabuwar na'urar bibiya, an gyara fil da bushin na hannun baya da duka ya lanƙwasa, tayoyin baya kuma sukace ai dama sun ci rabi sai rabin kuɗi. Sabon farantin lamba ta hannun dila ake nemansa daga kamfani, da rahoton 'yan sanda da umarnin kotu, kar ka bari wani mai walda ya buga maka, ranar da za ka sayar sai ya zame maka abun zargi.

Abun da zan ce wa masu injina, yau ɗin nan ka je ka ɗauki hoton farantin lamba, da lambar da take shasi, da ta inji, da injin ta kowane gefe, ka ajiye a waya da imel, takardun asali kuma kar su kwana a cikin injin. In a hannu ka saya ka je dila a mayar da asusun na'urar bibiya sunanka, ka sa a zana maka iyaka a taswira ta yadda in ta fita ko aka tayar da ita bayan an tashi aiki saƙo zai shigo wayarka, ka ƙara wata ƙaramar na'ura mai batirinta a wani lungu daban tunda ta kamfani sun san inda take. Makulli kaɗai ba tsaro bane, a sa mata lambar sirri ta tayarwa ko makashin batir a ɓoye, ranar hutu kuma a sauke bokiti da ƙafafu ƙasa a tare ta da wani abu mai nauyi. Maigadi a bashi doka ɗaya mai sauƙi, inji ba ya fita sai ya ji muryar mutum ɗaya da aka ambata masa a waya, ko wa ya zo ko me ya saka. A yarjejeniyar haya a rubuta wa yake da alhakin tsaro da dare. Wasu ƙasashen sun yi nisa a wannan, a Ingila akwai tsarin CESAR tun 2007, ana manna wa inji alama mai kusurwa uku da lamba, a ɓoye wasu ƙananan na'urori a jiki da 'yan sanda za su iya karantawa, a Amurka akwai National Equipment Register inda mai saye zai duba lamba kafin ya biya. Inda babu irin wannan, mai saye ya kai lambar wurin dila ya tambaya kafin ya fitar da ko sisi, in babu faranti ko fentin ya yi sabo da yawa ya ja da baya.

Sai abu na ƙarshe da ba wanda zai tuna maka: duk inda ka sa aka rubuta cewa an sace ta, sai ka koma ka sa an goge. Ofishin da ka fara kai ƙara, ofisoshin da aka aika wa sanarwa, kwamfutar dila, da inshora, kowanne ka kai masa kwafin umarnin kotu ka nemi ya rubuta maka cewa ya cire. Ni na bi su ɗaya bayan ɗaya, kuma har yanzu da shari'ar bata ƙare ba duk inda za a kai ta aiki direban lobed yana tafe da fotokofin umarnin da na rahoton a aljihun mota, an tsayar dashi a hanya an tambaya kuwa, ya nuna aka bar shi ya wuce.